Yaro Kurma a Sahun Salla: Ina Rabonsa a Zangon Lome?

Makarantar allo da kunne take tafiya: malam ya biya, yara su maimaita har karatu ya zauna. Haka Hausawan Lome suka saba tun Zango yana tsakiyar gari, ba nisa da babbar kasuwar Assigame, kafin gwamnati ta rushe shi a 1977 ta mayar da mutanensa Togblekope, arewa da birnin. To, yaron da aka haifa kurma fa? Yakan tsaya a sahu, ya yi ruku'u da sujada yadda ya ga ana yi, alhali ba a taɓa sanar da shi abin da ake faɗa ba.

A nan, gaskiya, coci ya riga masallaci. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Akara a 1957, ta Ibadan a 1960, sannan aikinsa ya iso Togo a 1976. Da harshen hannu na Amurka ya haɗa boko da Littafi Mai Tsarki, shi ya sa alamun kuramen Togo na yau suke da wannan tushe.

Su ma Hausawa suna da nasu. Kuramen Kano sun daɗe da maganar hannu, manya na koya wa ƙanana, tun kafin a buɗe makarantar kurame ta Tudun Maliki a 1977. Constanze Schmaling ta rubuta littafi sukutum a kan maganar hannun a 2000. A Indunusiya kuwa, makarantar Darul A'shom da aka kafa a 2019 tana koya wa yara kurame haddar Alƙur'ani da haruffan hannu.

Sai dai koyarwar tana da ladabinta. Kurma babba ya kamata a ɗora a kan buzun malanta, don shi ne mai harshen. Yaro ya zauna inda zai ga fuska da hannuwa, cikin haske, domin ɗaga gira ma magana ce. Yara masu ji su koya tare da shi, a kuma tsawatar wa duk wanda ya mai da alamun abin kwaikwayo da dariya.

Limaman Zango da 'yan kasuwar Assigame masu gina masallatai, albashin tafinta ɗaya na ranar Juma'a bai fi ƙarfinku ba. Ku fara da shi.