Tagar Katako Ko Ta Roba? Jan Kunne Ga Masu Gini A Shadawanka

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan suna da gini a gida, ana yinsa kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da Allah Ya hore. Mutanen Bauci ba a bar su a baya ba. Duk wanda ya zaga wajen Shadawanka, watau unguwar da ke maƙwabtaka da barikin soja, zai ga gidaje an kai su linta, wasu har an yi rufi, sai tagogi suke jira. To, a nan ne gardama takan tashi: marfin katako za a sa, ko kuwa na robar nan mai tauri da ake kira uPVC, wadda ta cika manyan gine-ginen Ikko?

Kafin mutum ya yanke shawara, ya kamata ya tuna cewa iskar Ikko dabam, ta Bauci dabam. Katako yana shan laima daga iska, yana kuma amayar da ita. A kurmi, inda iska ke da danshi shekara duka, katakon da ake cewa ya bushe yana riƙe da ruwan da ya kai kashi 15 cikin 100 na nauyinsa, ko fiye. Da hunturun Arewa kuwa, wannan ruwan yakan sauka ƙasa da rabin haka. Saboda haka wanda ya sa kafinta ya haɗa masa tagogi a Ikko ko Ibadan, ya ɗora wa mota zuwa gida yana murna, ya saurari watan Janairu. Katakon zai tsuke, mahaɗai su buɗe baki, sakata ta daina shiga raminta, ƙura ta riƙa shigowa ɗakin amarya kamar ba a rufe ba. Damina na sauka kuma ya kumbura ya ƙi rufuwa.

Maganin abin ba wuya. In an sayi katakon a kasuwar Bodija don sauƙin kuɗi, to, a kai shi Bauci a falle-fallensa, a jera a inuwa da 'yan itatuwa a tsakani don iska ta ratsa, a bar shi ya ci hunturu guda. Bayan nan kafintan gida ya auna ya yanka. Wanda ya saya a kasuwar Muda Lawal ma kada ya ɗauka ya tsira, domin yawancin katakon daga kudu motoci ke kawo shi, wani ma ɗanye shar.

Sai kuma irin itacen. Loko, wanda Yarbawa ke kira iroko, da maɗaci su ne na gaba, gara ba ta cika samun sa'arsu ba. Amma a duba gefen falle, in an ga fari-fari, wannan ɓangaren bayan itacen ne, kuma ko na loko ne ƙwari za su cinye shi. Farin katako mara nauyi irin obeche na silin ne da akwati, ba na taga ba, komai kyan fentin da aka shafe shi da shi. Fenti kuwa, sau da yawa mayafin aibi ne. A ga katako tsirara kafin a biya.

Ita roba, gaskiya tana da nata alheri. Gara ba ta cinta, ruwa ba ya ruɓar da ita, ba ta neman fenti, tsumma da ruwa sun ishe ta. Abokiyar gabarta rana ce, ga shi kuwa a watannin Maris da Afrilu zafin Bauci yakan doshi digiri 40. Mai kyau ana gauraya ta da sinadarin kare hasken rana tun a masana'anta, a kuma zura ƙarfe a cikinta don kada ta lanƙwashe. Mai araha babu ko ɗaya, shi ya sa takan koma ruwan ɗorawa, ta yi gautsi, ta tsage. A nemi mai sayarwa ya nuna guntun da aka yanke a ga cikinsa, in ya yi ta hanya-hanya, a ƙara gaba. Fara ta fi mai duhun launi jure rana. Kuma a sani, in ta fashe babu kafintan da zai yi mata ƙari da ƙusa, sai dai a sake sabuwa, alhali marfin katako ko bayan shekara 20 ana iya cire falle ɗaya a musanya.

A ganina ba dole ne gida ya zama iri ɗaya ba. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma mutanen Bauci ba su manta guguwar watan Yunin 2018 ba, wadda ta kwashe rufin gidaje masu yawa. Tagogin gabas su ke shan dukan ruwa, can roba mai ƙarfe a ciki za ta yi amfani, muddin an kafe ta sosai a bango. Na yamma su ke shan ranar la'asar, can busasshen loko ya fi dacewa. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, tagar ƙarfe ta masu walda tana nan, sai dai da bazara takan ɗauki zafi har ba ta taɓuwa.

In za a aika kuɗin tagogi gida, a aika shi kashi biyu: na sayen kaya yanzu, na aiki sai wani amintacce ya je ya buɗe kowace taga ya rufe da hannunsa.