Ko Kun Sani? Yadda Kuɗin Masu Sukari Suka Karkata Binciken Ciwon Zuciya

A tsakiyar shekarun 1960, ƙungiyar kamfanonin sukari ta Amurka, Sugar Research Foundation, ta biya wasu masana abinci na Jami'ar Harvard kimanin dala 6,500 domin su yi bitar binciken da aka yi kan ciwon zuciya. Da rahotonsu ya fito a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine a 1967, sai ya sassauta wa sukari, ya ɗora wa kitse laifi. Ba a ambaci mai ɗaukar nauyin aikin ba, domin sai a 1984 mujallar ta fara neman marubuta su bayyana hakan.

Ɗaya daga cikin masanan, Mark Hegsted, daga baya ya shugabanci sashen abinci mai gina jiki a Ma'aikatar Noma ta Amurka, wadda ke da hannu wajen tsara wa 'yan ƙasar ƙa'idojin cin abinci. Asirin bai tonu ba sai a 2016, lokacin da masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka binciko tsofaffin wasiƙun da ɓangarorin biyu suka yi musaya.