Abin da ya kamata ku sani game da 不, harafin kore magana a Sinanci

Rubutun Sinanci ya daina zama baƙo a kudancin Kaduna. Ana ganinsa a jikin kwalayen kaya a kasuwar Kafanchan, a jikin janareta da injin markaɗe da kayan gyaran babur. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wanda ya ratsa ta Jere da Rijana, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi. Haruffan Sinanci dubbai ne, amma mai son ya fara da guda ɗaya, to ya fara da 不, domin shi ne ke raba “zan saya” da “ba zan saya ba”.

Ma’anarsa da asalinsa

Aikin 不, wato bù, shi ne aikin da “ba … ba” ke yi a Hausa. Bambancin kawai, Hausa kan sa maganar a tsakiya, Sinanci kuwa a gaba kaɗai yake ajiye harafin. Hǎo na nufin mai kyau, bù hǎo ba kyau. Zhīdào sani ne, bù zhīdào ban sani ba. Idan aka ga 不锈钢 a jikin tukunya ko cokali, ana nufin ƙarfen da ba ya tsatsa.

Da zane huɗu ake rubuta shi: layi a kwance a sama, ɗaya ya karkata hagu, ɗaya ya sauko tsaye, sai ɗan gajere a dama. Tsohon harafi ne ƙwarai, don an same shi a rubuce-rubucen da aka tono a Anyang, waɗanda aka sassaƙa a ƙasusuwan dabbobi da ƙoƙon kunkuru a zamanin daular Shang, fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Xu Shen, wanda ya haɗa ƙamus ɗin Shuowen Jiezi wajen shekara ta 100 miladiyya, ya fassara shi da tsuntsun da ya tashi sama bai sauko ba. Masana na yanzu da dama sun fi karkata ga cewa hoton wani sashe ne na tsiro, aka ari harafin saboda sautinsa ya yi daidai da kalmar korewa.

Yadda ake furta shi

A tsarin Pinyin, wanda ƙasar Sin ta amince da shi a 1958 don rubuta Sinanci da baƙaƙen boko, ana rubuta shi bù. Wannan “b” ya fi na Hausa tauri kaɗan, ya kusanci “p” marar fitar iska, amma wanda ya faɗe shi da “b” ɗinmu za a gane shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne karin sauti. Daidaitaccen Sinanci, wato Putonghua, yana da kari huɗu: na ɗaya a sama yake tsayawa, na biyu ya hau, na uku ya nutse sannan ya ɗago, na huɗu ya faɗo daga sama. Bù na huɗu ne. A nan mutumin Kafanchan ya fi Bature sa’a, domin Hausa da Tyap da Jju da Hyam duk harsuna ne masu karin sauti. Ku saurari yadda muke cewa “kai ne” ga mutum, da yadda muke cewa “ciwon kai”. Muryar da ke faɗowa a “kai” na biyu, da kuma a “yau” da “mai” na girki, ita ake buƙata a bù.

Sai dai harafin ba ya zama a kari ɗaya. Idan kalmar da ke biye da shi ita ma mai faɗowa ce, sai ya koma mai hawa, ya zama bú. Don haka ake cewa bú shì, ba haka ba ne. Bú yào, ba na so. Bú guì, ba tsada. Wannan shi ya fi ba Bahaushe wahala, tun da kalmominmu ba su saba da kari mai hawa ba. Littattafai da yawa kuma suna barin bù a rubuce ko ina, mai karatu ne zai canza da bakinsa. A tsakiyar tambaya irin hǎo bu hǎo, wato “da kyau ko ba kyau?”, ana faɗinsa a taƙaice ba tare da nauyi ba.

Inda ba ya shiga

Hausa ta raba “ba zan je ba” da “ban je ba” da “babu” da “kada”. Sinanci ma haka. 不 na abin da mutum ba ya yi ne, ko ba ya so, ko ba zai yi ba, ko siffar da abu ba shi da ita. Abin da bai auku ba kuwa, harafin 没, méi, ake sa masa. Bú qù, ba zan je ba. Méi qù, ban je ba. “Babu” kuma méi yǒu ne a koyaushe, ba a haɗa yǒu da bù. “Kada” shi ne bié ko bú yào a baki, a allunan gargaɗi kuwa an fi rubuta 勿. Dillalin citta daga Kachia ko Kwoi da ya tambayi mai saye, aka ce masa méi yǒu qián, an ce babu kuɗi ne. Idan aka ce bú yào, ba a son kayan. Amsoshin biyu ba ciniki ɗaya suke haifarwa ba.

Haka nan, Sinawa ba su cika amsa tambaya da kalma guda kamar “i” ko “a’a” ba. Sukan maimaita aikatau ɗin da aka yi tambaya da shi. Aka ce “kana so?”, amsa ita ce “so” ko “ba so”.

Ba kowane 不 ne ƙi ba

Wasu kalaman ladabi da shi aka gina su. Wanda ya yi godiya da xièxie za a amsa masa da bú kèqi, daidai da “ba komai”. Duìbuqǐ ban haƙuri ne. Bú cuò kuwa kamar “ba laifi” yake, har ma ya fi shi ƙarfi: idan Basine ya duba aikinka ya faɗi haka, yabo ne.

’Yan kasuwar da ke zuwa Guangzhou su lura da cewa mutanen garin na da nasu harshen, Kantonis, inda harafin ke zama bat, a hira kuma sun fi amfani da wata kalma dabam mai sautin “m”. Amma a shagunan da baƙi ke hada-hada, Putonghua ta wadatar.

Mai son ya zurfafa, akwai cibiyoyin Confucius a Jami’ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami’ar Legas, inda ake koyar da harshen. Kafin nan, jimloli uku sun isa a fara da su a bakin ciniki: bú yào, méi yǒu da bù xíng, wato ba na so, babu, ba zai yiwu ba.