Maganaɗisu Ya Tona Asirin Ƙwayoyin Tace Ruwa da Magani

A masana'antun haɗa magunguna da tashoshin wutar lantarki akan cika dogayen tankuna da wasu 'yan ƙwayoyin roba, waɗanda ba su kai ƙwayar gero girma ba, a riƙa bi da ruwa ta cikinsu. Sunansu rezin, wato ƙaron haɗi. Wasu Turawan Ingila biyu, Adams da Holmes, su ne suka fara haɗa shi a 1935. Aikinsa kuwa shi ne ya kama wani sinadari ya riƙe, ya ƙyale saura su wuce. Da haka ake cire gishiri daga ruwa, a kuma tsamo magani daga ruwan da aka haɗa shi a ciki.

Kowace ƙwaya cike take da ƙananan ramuka. A wani nau'in, in da za a shimfiɗa bangon ramukan da ke cikin giram ɗaya, sai ya haura murabba'in mita 700. To, amma yawan ɗaki ba shi ne kaɗai abin dubawa ba. Idan sinadarin yana jinkirin shiga ramukan, sai ruwa ya kwashe shi ya fice kafin a kama shi, magani ya salwanta, ko dauɗa ta isa tukunyar injin.

Nan ne na'urar NMR ta yi rana. Felix Bloch da Edward Purcell na Amurka suka bayyana ƙa'idarta a 1946, aka ba su lambar Nobel a 1952. Akan sa rezin da ruwansa cikin maganaɗisu mai ƙarfi, a aika musu da igiyar rediyo, sai cibiyar ƙwayar zarrar haidurojin ta amsa. Amsar sinadarin da ke manne da rezin dabam take da ta wanda ke yawo a ruwa.

Idan musaya tsakanin wuraren biyu tana tafiya a hankali, layi biyu ne za su fito a takarda. Idan ta yi sauri ƙwarai, sai su narke su koma layi ɗaya a tsakiya, kamar kwabon da aka murza a kan tebur, ido ya kasa raba fuskokinsa biyu. Tsakanin haka layin yakan yi faɗi, daga faɗin nan kuwa ake lissafa tsawon lokacin da sinadari ke yi a manne. Harden McConnell ne ya tsara lissafin a 1958. A 1979 kuma Jean Jeener da Richard Ernst da abokan aikinsu suka fito da hanyar da ke nuna wanda ya tashi daga nan ya koma can.

Babban alfanun na'urar shi ne ba ta taɓa abin da take aunawa, ba a fasa ƙwaya, ba a tsayar da musayar. Sai dai tana da tsada, don yawancin maganaɗisun sai an sanyaya su da ruwan iskar hiliyam, abin da ya sa ba kowace jami'a ke iya riƙe ta ba.