3.4 Hawan Fanisau da Martabar Kano a Idon Baƙi

A sashen da ya gabata an yi bayanin hawan da ake yi a cikin birni, wato Hawan Idi da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa. A nan kuma za a dubi hawan da yake fitar da Sarkin Kano zuwa bayan gari, da yadda bikin yini ɗaya yake gina sunan wuri a idon masu yawon buɗe ido.

Fanisau gari ne da ke cikin ƙaramar hukumar Ungogo, arewa da birnin Kano. Ya yi suna ne a zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819-1846), wanda ya mai da shi ribaɗi a lokacin yaƙinsa da Ɗantunku. A wannan gari ne Baturen Ingila mai suna Clapperton ya gana da sarkin a shekarar 1824. Bayan haka garin ya zama gandun sarki, inda bayi suke noma wa fada abinci.

A ranakun da ba na biki ba, Fanisau ƙasar manoma ce. Gero da dawa da gyaɗa su ne abin da ido yake gani da damina. Amma ranar hawa, wanda da shi ake rufe shagulgulan Babbar Sallah, sai garin ya sake kama. Sarki yakan fito daga Gidan Rumfa tare da hakimai da dogarai da 'yan lifida da 'yan bindiga, ana busa kakaki da algaita. Yakan sauka a gidansa na Fanisau, jama'ar ƙasar su kai gaisuwa, sannan a koma birni da yamma. Masu tsire da fura da ruwan sanyi sukan kafa rumfuna, gari na wayewa kuma a kwashe su.

Abin lura shi ne, baƙon da ya zo daga Legas ko Turai wannan yini kaɗai yake gani, kuma hotonsa yake ɗauka ya tafi da shi. Ta haka ne doki da rawani da laima suka zama alamar Kano, har suka sha gaban ganuwa da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, waɗanda suke nan kullum. Turawan mulkin mallaka ma sun taimaka wajen kafa wannan hoto, domin sun shirya wa Yariman Ingila hawa na musamman a Kano a 1925. A watan Disamba na 2024 kuwa hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Sai dai kuma suna irin wannan yana da rauni, domin rana ɗaya ya dogara da ita. An soke hawa a 2020 saboda annobar korona, haka kuma 'yan sanda sun hana shi a Babbar Sallar 2024 saboda rikicin sarauta. Duk shekarar da aka yi haka, mai tsire da mai ɗinkin kayan doki da makaɗi su suke fara ji a jikinsu. Hausawa na cewa, sallah biki ɗaya rana.

Bisa wannan, ana iya cewa hawa yana jawo baƙo, amma ba ya riƙe shi. Abin da zai riƙe shi shi ne adana gidan sarki da sauran kufan tarihi na Fanisau, tare da samar da masu yi wa baƙi bayani a kowane lokaci na shekara. Sashe na gaba zai yi magana a kan kayan adon doki da masu sana'arsu.