Kacalar Auyo Da Ƙwaron Amurka

Tun da aka gama madatsar Tiga cikin 1974, waɗansu fadamun Haɗeja suka daina ƙafewa da rani, kacala kuwa ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Auyo. Waɗansu na cewa a kawo ƙwaron da zai cinye ta. To, jama'a, cikin 1969 Amurka ta saki wani ƙwaro na Turai don ya cinye irin wata ciyawa mai ƙaya. Ya ci, amma ya auka wa ciyayin ƙasar, ƙananan zanzaro kuma suka riƙa hallaka tsutsarsa. Gaba da gabanta ke nan. Maganin kacala dai a yanke ta ƙarƙashin ruwa, a kuma bar fadama ta sha rani.