Kwamfutar Wasa a Maiduguri: Ta Tebur Ko Ta Tafi-da-Gidanka?

Daga cikin mas'alolin da samarin wannan zamani suke yawan kai wa masana na'ura a birnin Maiduguri, musamman ɗaliban Jami'ar Maiduguri da na Kwalejin Ramat waɗanda suka daɗe suna tara ɗan abin da ya samu, akwai wannan: idan mutum ya ƙudura niyyar mallakar kwamfutarsa ta farko wadda za ta ɗauki manyan wasanni, irin su EA Sports FC da eFootball da Call of Duty, shin ya sayi ta tafi-da-gidanka, wato laftof, ko kuwa ta tebur, wadda ake girkewa wuri guda? Tambaya ce da ta cancanci a zauna a yi mata nazari, domin tun da darajar naira ta faɗi a shekarar 2023 kuɗin irin wannan na'ura ya zama dukiya sosai, kuma wanda ya yi kuskure a zaɓinsa zai daɗe yana nadama. Amsoshin da ke yawo a intanet galibinsu an rubuta su ne domin mutanen da wuta ba ta ɗauke musu, iskar ɗakunansu kuma sanyi gare ta; mu kuwa namu halin daban ne, saboda haka wajibi ne hukuncinmu ya ginu a kan namu halin.

Kafin a kai ga hukunci, ya kamata mai karatu ya san abin da ya raba kwamfutar wasa da ta ofis. Kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, wadda masu sana'ar suke kira firosesa, kamfanonin Intel da AMD ne kuma suka fi shahara da ƙera ta. Tana da RAM, inda take shimfiɗa aikin da ke hannunta. Tana kuma da ma'adana inda take ajiye abin da aka zuba mata. Amma jigon al'amarin a wajen wasa shi ne katin hoto, wanda Nvidia da AMD suka yi fice wajen yin sa, domin shi ne yake zana kowane ɗan wasa da kowace inuwa a fuskar allo, sau sittin ko fiye a cikin daƙiƙa guda. Wannan aiki kuwa yana shan wuta mai yawa, wutar da ya sha kuma zafi take komawa, zafin kuma dole ne a fitar da shi daga cikin na'urar. Daga waɗannan abubuwa biyu, wuta da zafi, dukkan bambancin laftof da ta tebur ya samo asali.

A nan ne sabon shiga yake yawan ruɗuwa da suna. Katin da ake kira RTX 4070, alal misali, na tebur yana iya shan wat 200 kuma yana da ma'adanar hoto mai gigabayit 12, alhali takwaransa na laftof mai wannan suna ɗin gigabayit 8 gare shi, kuma an ƙayyade masa wuta ƙasa da haka nesa ba kusa ba, saboda siririn jikin laftof ba zai iya fitar da zafin ba. Har a tsakanin laftof biyu masu kati iri ɗaya, wani kamfanin yakan sakar wa katin wuta, wani kuma ya matse shi. Don haka idan da ƙarfi kaɗai za a duba, ta tebur ce ke da rinjaye ba tare da jayayya ba: a kuɗi ɗaya ta fi ƙarfi, ta fi sanyi, kuma duk ɓangaren da ya lalace ko ya tsufa ana iya cire shi a sa wani, alhali a laftof firosesa da katin hoto a manne suke da uwar allon na'urar, abin da mai ita zai iya ƙarawa bai wuce ma'adana ba, sai RAM a wasu.

Sai dai mutumin Maiduguri ba ya bukatar a ba shi labarin wuta. A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka karya turakun babban layin da ke kawo lantarki daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, suka sake karyawa bayan 'yan kwanaki, birnin ya shafe watanni masu yawa cikin duhu. Kuma ko da yake an buɗe tashar gas mai megawat 50 a watan Maris na 2023, har yanzu mai hankali ba ya gina shirinsa a kan cewa wuta za ta zauna. Kwamfutar tebur ba ta da batir: da zarar an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, irin wannan mutuwar ta bagatatan kuwa, da hawa da saukar ƙarfin wuta, suna iya ɓata abin da ke cikin ma'adana ko su ƙona akwatin wutarta. Wanda zai saye ta, to lalle ya lissafa da kuɗin UPS, mai riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, da sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wutar, ko inbata da sola, kamar yadda mai sayen ingarma yake lissafawa da harawa da turke tun kafin ya biya dillali.

Ga lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi da kansa. A ce kwamfutar tebur da allonta suna shan wat 400 a lokacin wasa; sa'o'i uku sun tashi wat-awa 1,200. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, kuma idan irin na dalma ne ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in dai ana so ya yi ƙarko. Ashe ke nan zama ɗaya ya cinye rabon dare, ba a kunna fanka ko ƙwan fitila ba. Laftof mai shan wat 180 a wannan lokacin ba ta kai rabin haka ba. Amma kada a ɗauka batirin laftof magani ne gaba ɗaya: mafi girmansa ba ya wuce wat-awa 100, saboda ƙa'idar shiga jirgin sama da shi, kuma idan aka cire caja na'urar takan rage ƙarfinta, batirin ma da wuya ya wuce sa'a ɗaya ko biyu a kan babban wasa. Fa'idarsa ta haƙiƙa ita ce yana riƙe na'urar har a tada janareto ko a adana aiki.

Bayan wuta sai zafi da ƙura, waɗanda su ne suke juya hukuncin zuwa ɗaya ɓangaren. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, na'urar da aka ƙera don ta sha iska mai sanyi sai ta riƙa shaƙar iska mai ɗumi. Idan firosesa ta doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, mai wasa kuma ya ga hoto yana tsinkewa. Da hunturu kuwa hazo ne yake shiga ta kowace kafa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai gyara yana kwance bayan laftof ya san abin da ake tararwa: ƙura ta dunƙule a bakin fanka ta zama kauri guda, har sai an sa tsinke an ɗago ta, man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya tsattsage. Ta tebur, mai faffaɗan ciki da manyan fankoki, mai ita da kansa zai iya buɗe gefenta ya kaɗe ta. Mai laftof kuwa sai ya lizimci ɗora ta a kan abu mai tauri, ya ɗan ɗaga bayanta, ya nisanta ta da katifa da darduma, ya kuma kai ta a share aƙalla sau ɗaya bayan kowane hunturu.

Sa'an nan akwai batun saye. Yawancin kayan da ke shagunanmu daga Legas suke zuwa, daga kasuwar Computer Village ta Ikeja, ko daga Kano, kuma da yawansu na hannu ne. Malaman fiƙihu sun yi babi a kan haƙƙin mai saye na mayar da haja idan aibin da aka ɓoye ya bayyana, amma rigakafi ya fi magani. A kunna na'urar a gaban mai shago, a buɗe bayananta a ga sunan firosesa da na katin hoto da ido, kada a dogara da takardar da aka manna a jiki. A sa wasa mai nauyi ya yi rabin sa'a, a saurari fanka, a taɓa jikin, a duba lafiyar batir, a kuma rubuta sharaɗin mayarwa a kan rasit tare da shaida. RAM kada ya gaza gigabayit 16, ma'adana ta zama irin mai saurin nan da ake kira SSD, kuma a tuna cewa wasu wasannin sun haura gigabayit 100, saukar da su ma kuɗin data ne na musamman. Araha ba ta ado, laftof ta wasa ta hannu kuwa sau da yawa ta riga ta sha zafi a hannun mai ita na farko.

Abin da nake gani shi ne, ɗalibin da ke zaune a ɗakin kwanan makaranta ko gidan haya, wanda zai riƙa kai na'urarsa aji, wanda kuma ba shi da tsayayyar wuta, laftof mai matsakaicin kati ce maslaharsa, ya haƙura da ƙarancin ƙarfinta, ya kiyaye ta daga zafi da ɓarayi. Wanda kuwa yake da ɗaki tabbatacce da sola wadatacciya, ko yake nufin buɗe shagon wasa, ko yake son ya koyi haɗa na'ura da hannunsa, ta tebur ta fi masa alheri, domin zai iya farawa da kaɗan ya riƙa ƙarawa gwargwadon hali. Kuma ko wacce aka zaɓa, katin da yake zana filin ƙwallo shi ne yake tace bidiyo da zanen gine-gine, sana'o'in da birnin da ke sake gina kansa yake matuƙar bukata. Saboda haka saurayin da ya ba wasa lokacinsa ƙayyadadde, bai bar shi ya ci sallarsa ko karatunsa ba, ya kuma koyi sana'a a kan na'urar, shi ne wanda kuɗinsa ba su tafi a israfi ba. Allah ya sa albarka a abin da aka saya.